Takardar da Ta Fi Motar Tsada: Gwanjon Izinin Mota a Singafo da Rabon Dillalai

A zagayen gwanjo na biyu na watan Oktoban 2023, duk wanda ya so ya ɗora babbar motar hawa a kan titin Singafo sai da ya biya dala 150,001. Wannan kuɗi bai sayi ko taya ɗaya ba. Kuɗin takarda ne kawai, wadda suke kira COE, wato izinin mallakar mota na shekara goma. A wannan zagayen izinin ƙaramar mota ya kai dala 106,000, wajen ninki biyar ke nan na asalin kuɗin mota irin su Toyota Corolla a lokacin da aka sauke ta daga jirgin ruwa. Duk kuɗin da za a ambata a nan dalar Singafo ce, wadda darajarta take kusan kashi uku cikin huɗu na dalar Amurka.

Duk sa'ad da farashin ya yi irin wannan tashin gwauron zabi, sai mutanen ƙasar su rabu gida biyu. Wasu su ce gwamnati ce take matse adadin takardun don ta cika baitulmali. Wasu su ce dillalan motoci ne suke hura wutar gwanjon, tunda a ƙarshe ba daga aljihunsu kuɗin yake fita ba. Kowane ɓangare yana riƙe da wani yanki na gaskiya. Abin da nake gani shi ne, yawan takardun da ake fitarwa shi yake yanke ko za a yi shekarun tsada ko na araha, amma ribar da dillali ya ɓoye a cikin farashin mota ita take yanke iya nisan da za a kai a kowace Laraba ta gwanjo. Ba a fahimtar ɗaya sai da ɗayan.

Singafo tsibiri ne da faɗinsa wajen murabba'in kilomita 740 ne, da mutane kusan miliyan shida, kuma tituna sun riga sun cinye wajen kashi 12 cikin ɗari na ƙasar. Tun 1975 aka fara karɓar kuɗi daga masu shiga tsakiyar birni da mota. Aka kuma yi ta lafta haraji a kan sababbin motoci, sai dai arzikin mutane yana ƙaruwa fiye da yadda harajin yake hana su. A watan Mayun 1990 gwamnati ta juya lissafin: maimakon ta yanke farashi ta jira ta ga motoci nawa za a saya, sai ta yanke adadin motocin, ta bar masu saye su yanke farashin da kansu a gwanjo. Hukumar sufurin ƙasa, LTA, ita take gudanar da shi yanzu.

Takardun rukuni biyar ne. Rukunin A na motocin da injinsu bai wuce cc 1,600 ba kuma ƙarfinsa bai wuce kilowat 97 ba. Rukunin B na waɗanda suka zarce haka. C na motocin kaya da bas-bas, D na babura. Na biyar, E, shi ne na kowa da kowa: ana iya yi wa kowace irin mota rajista da shi ban da babur, kuma ana iya miƙa shi ga wani, shi ya sa kusan kullum manyan motocin hawa yake ƙarewa a kai. Sharaɗin kilowat 97 ɗin ma ba da shi aka fara ba. A Fabrairun 2014 aka ƙara shi, zamanin ministan sufuri Lui Tuck Yew, bayan Mercedes-Benz da BMW sun cika rukunin A da motoci masu ƙaramin inji amma masu ƙarfi da tsada, suka ture masu neman motar kai yara makaranta gefe. A riƙe wannan labarin, domin ya sake maimaituwa da wasu 'yan wasan.

Sau biyu a wata ake gwanjon, yawanci a buɗe ranar Litinin ta farko da ta uku, a rufe ranar Laraba da ƙarfe huɗu na yamma. Tun 2002 a bayyane ake yinsa ta intanet, kowa yana kallon inda farashi ya kai. Mai tayin mota yana ajiye dala 10,000 kafin alƙalami, yana iya ƙara tayinsa amma ba ya iya rage shi ko janye shi. Muhimmin abin shi ne, wanda ya ci ba tayinsa yake biya ba. A ce takardu 1,000 aka fitar, mutum 1,400 suka yi tayi. Za a jera su daga sama zuwa ƙasa, dubun farko su ci, sannan dukkansu su biya kuɗi ɗaya: tayin mutum na farko da ya faɗi, da ƙarin dala ɗaya. Wannan dala ɗayan ce ake gani a wutsiyar 150,001. Wanda ya rubuta 200,000 da wanda ya tsallake da ƙyar, kuɗinsu ɗaya. Saboda kowa yana kallon kowa, farashin yakan kwanta a ƙasa har zuwa yammacin Laraba, sai a 'yan mintocin ƙarshe ya yi sama kamar an harba shi.

Daga ina adadin takardun yake fitowa? Daga motocin da aka soke rajistarsu, waɗanda aka kai wa masu fasa ƙarfe ko aka fitar da su ƙasashen waje, sai a ɗora ɗan kason ƙari da gwamnati ta yarda da shi. Kason nan kashi 3 cikin ɗari ne a shekara tun daga 1990, aka rage shi zuwa 1.5 a 2009, aka ci gaba da yankawa har ya koma sifili a Fabrairun 2018 ga motocin hawa da babura. Daga nan sabuwar mota ba ta shiga sai tsohuwa ta fita.

A nan babbar matsalar tsarin take, domin takardar shekara goma tana haifar da zagayen shekara goma. Daga 2005 zuwa 2007 an yi wa sababbin motoci sama da 100,000 rajista a kowace shekara. Takardu suka wadata, farashi ya faɗi, rikicin tattalin arzikin duniya ya zo ya ƙarasa shi: a Nuwamban 2008 izinin ƙaramar mota, wato rukunin A, ya sauka zuwa dala 2. Dala biyu, ba dubu biyu ba. Bayan nan aka shiga fari. Motocin da suke kan titi duk sababbi ne, babu mai soke rajista, ga shi hukuma tana cire rarar takardun da ta fitar a baya bisa hasashen da ya wuce gona da iri. A Janairun 2013 rukunin A ya kai dala 92,100, kuma a wannan shekarar motocin da aka yi wa rajista ba su kai 25,000 ba. Da motocin 2005 zuwa 2007 suka cika shekara goma, sai damina ta dawo, har rukunin A ya yi ƙasa da 30,000 a ƙarshen 2018. Sannan farin 2010 zuwa 2013 ya dawo da kansa a 2020 zuwa 2023, sababbin motoci suka sauka zuwa wajen 30,000 a shekara a 2022 da 2023, a daidai lokacin da kuɗi suka yi yawa a hannun masu hali. Tsadar 2023 tun shekara goma kafin nan aka shuka ta, kuma babu dillalin da ya shuka ta.

Gwamnati ta san da haka. A Mayun 2023 ta fara wani gyara na yanko daga gaba a cike yanzu: motocin da aka sabunta wa izini na shekara biyar kacal doka ba ta bari a sake sabunta su, don haka an san ranar fitarsu, sai a aro gurbinsu tun yanzu. Ta kuma koma lissafa adadin bisa matsakaicin rubu'i huɗu na shekara maimakon ɗaya, don a rage hawa da sauka. A Oktoban 2024 ta sanar da ƙarin takardu kusan 20,000 da za a riƙa sakawa sannu a hankali daga Fabrairun 2025. Takardu sun ƙaru kuwa. Amma farashin rukunin A bai sauka yadda aka yi fata ba, har ma ya karya tarihinsa a 2025. Wanda yake son ya san dalili sai ya bar ofishin hukuma ya shiga shagunan motoci na titin Leng Kee da na Ubi.

Mai sayen mota a Singafo da wuya ya yi tayi da kansa, ko da yake doka ta ba shi dama. Zuwa yake yi wurin wakilin kamfani, irin su Borneo Motors masu Toyota, ko Kah Motor masu Honda, ko Cycle & Carriage masu Mercedes-Benz, a faɗa masa kuɗi guda ɗaya wanda ya haɗa mota da haraji da izini. Ya sa hannu, dillali ya yi tayi da sunansa. Daga wannan lokacin, abin da aka kashe a gwanjo daga cikin ƙunshin kuɗin nan zai fita, abin da ya rage kuma na dillali ne.

Mu buga misali da mota wadda asalin kuɗinta, wato abin da kwastan suka ƙiyasta an kashe har ta iso tashar ruwa, dala 20,000 ne. Kuɗin fito kashi 20 cikin ɗari, 4,000 ke nan. Harajin saye da sayarwa kashi 9 cikin ɗari a kan jimillar biyun, 2,160. Sai ƙarin harajin rajista da suke kira ARF, wanda a dubu ashirin na farko kashi ɗari cikin ɗari ne, wani 20,000 ke nan. Da ɗan kuɗin rajista na dala 350, an tashi a 46,510. A ɗora izini na dala 100,000, an kai 146,510. Idan aka rubuta 170,000 a jikin gilashin motar, tazarar ta kama dala 23,490. Harajin ARF hawa-hawa ne, kuma tun 2023 hawan ya yi tsauri: kashi 140 daga 20,001 zuwa 40,000, kashi 190 zuwa 60,000, kashi 250 zuwa 80,000, kashi 320 a kan abin da ya haura haka. Motar da asalinta 100,000 ne, ARF ɗinta kaɗai 200,000.

Wannan 23,490 ɗin na misalinmu ana iya karanta shi ta fuska uku, kuma kowa yana zaɓar wadda ta yi masa daɗi. Dillali zai ce kashi 16 ne cikin ɗari a kan abin da ya kashe. Mai saye zai ce ai izini da haraji wucewa kawai suke yi ta hannunsa zuwa gwamnati, in aka cire izinin ribar ta kai rabin abin da ya kashe. Mai zafin kai zai ce ta ma fi kuɗin motar kanta, wadda aka ƙera, aka yi mata fenti, aka ƙetaro teku da ita. Ba sirri ba ne: LTA tana wallafa jadawali wata-wata a shafinta na OneMotoring, mota bayan mota, da asalin kuɗi, da haraji, da farashin da wakili ya bayyana, da tazarar da ke tsakani. Sai dai a yi adalci, tazarar ba tsabar riba ba ce. Farashin da aka rubuta ba shi ake biya ba, akwai rangwame. A cikinta ake biyan hayar shago a ɗaya daga cikin birane mafi tsadar fili a duniya, da albashi, da la'adar mai sayarwa, da garanti na shekaru, da sabis kyauta, da kuɗin ruwan bankin da ya ba da bashin shigo da motocin. Masu shigo da mota ta bayan wakili, waɗanda suke sayo Toyota da Honda kai-tsaye daga Jafan, sukan yi aiki da tazarar da ta fi wannan sirantaka, domin nauyin da ke kansu bai kai haka ba.

Akwai kuma wani kaso na tazarar da ba riba ba ne ba kuma kashewa ba, garkuwa ce. Yarjejeniyar sayen mota iri biyu ce. A ta farko dillali ya lamunce zai samo izinin a cikin wa'adin da aka yanka, ko nawa ya kai, kuma tsadarta ta fi. A ta biyu babu lamuni: zai gwada sau kaza, sau da yawa shida, wato wata uku, in bai samu ba ko dai a mayar wa mai saye kuɗin ajiyarsa ko a ce ya yi ciko. Sannan a takardar akwai wani layi da mutane da yawa ba sa tsayawa su karanta, matakin mayar da rara. A ce dillali ya gina farashinsa bisa zaton izini zai kama 105,000, amma ya rubuta matakin mayar da rara a 90,000. In gwanjo ya tashi a 95,000, dubu goman da aka samu sauƙi nasa ne, mai saye bai ga ko sisi ba. Sai farashin ya faɗi ƙasa da 90,000 sannan a fara mayar masa da wani abu. In kuwa ya haura sama, a yarjejeniyar da ba ta da lamuni, waya za a bugo masa a nemi ciko. Ni a ganina wannan layin ya fi jadawalin hukuma faɗin gaskiyar wanda yake ɗauke da haɗarin. A kasuwa mai sauka dillali ne yake cin moriyar, a kasuwa mai hawa a kan raba asarar da mai saye.

Yanzu a haɗa wannan da yadda gwanjon yake. Dillalin da yake da tazarar 25,000 a kan kowace mota yana iya ƙara 10,000 a tayinsa ya ci gaba da cin riba. Wanda tazararsa 8,000 ce ba zai iya ba. Don haka masu kaurin tazara su suke ja, masu sirantar tazara su bi ko su rasa ciniki. Kuma tunda kowa kuɗi ɗaya zai biya, rubuta babban tayi ba ya cutar da mai rubutawa shi kaɗai, sai in kowa ya yi haka, kuma kowa haka yake yi. Abin ya yi kama da dillalin da ya karɓi kuɗin mutum goma ya yi musu alkawarin rago kafin Babbar Sallah, sai ya tsinci kansa a kara ranar jajibiri tare da wasu dillalai irinsa: ba ya tambayar ko ragon ya kai kuɗin, tambayarsa ita ce nawa ya rage a cikin abin da ya karɓa.

Matsin da ke kansa ma ba na masu saye kaɗai ba ne. Kamfanin da ya ƙera motar ya yanka masa adadin da zai sayar a shekara, kuma a kan wannan adadin ake ba shi lada ko a ƙwace wakilcin. Motocin da ya shigo da su suna ajiye suna cin kuɗin ruwa. Mota ba ta zama ciniki sai an yi mata rajista, rajista kuma ba ta yiwuwa sai da izini. Shi ya sa bayan kowane babban baje kolin motoci, irin wanda ake yi a watan Janairu, ake sa ran farashi ya motsa a zagaye ɗaya ko biyu masu zuwa. Rukunin E kuwa dillalai sukan saya su ajiye don mai sayen da ba ya son jira, wa'adinsa wata uku. Wanda ya sayi irin wannan takarda da tsada ba ya son ya ga farashi ya faɗi kafin ya rabu da ita.

Sai batun bashi, wanda nan ne ribar da ba ta cikin kowane jadawali take. A Fabrairun 2013, wata ɗaya bayan 92,100 ɗin nan, hukumar kuɗi ta ƙasar, MAS, ta taƙaita bashin mota, kuma farashin izini ya girgiza nan take. A 2016 ta sassauta: kashi 70 cikin ɗari na farashi in asalin kuɗin motar bai wuce 20,000 ba, kashi 60 in ya wuce, a biya cikin shekara bakwai. A motar 170,000 ta misalinmu, sai mutum ya ajiye tsabar kuɗi 51,000. Kasuwa ta samo hanyar zagayewa. A kumbura farashin sabuwar motar, a kumbura kuɗin da za a karɓi tsohuwar motar mai saye da shi, sai bashin ya ƙaru, tsabar kuɗin da zai fitar ta ragu. Wannan ɗaya ne daga cikin dalilan da suke sa tazarar da ake gani a rubuce ta fi ta gaske. A ɗaya gefen kuma, dillali yana karɓar kamasho daga banki da kamfanin inshora, shi ya sa rangwamen da ake tallatawa yakan zo da sharaɗin a ci bashi ta hannunsu, wanda ya zo da kuɗinsa a hannu sai a ƙara masa farashi. Ga ribar sake sayar da tsohuwar motar, ga ta gareji na shekaru masu zuwa. Dillali yana iya barin ribar sabuwar mota ta ƙone a gwanjo don ya kama waɗannan.

Motocin lantarki su suka kawo sabon babi, kuma su suka fi bayyana abin da ya faru a rukunin A. Daga 2021 gwamnati ta riƙa yafe wa motar lantarki wani kaso na ARF, haɗe da rangwamen motoci marasa hayaƙi, jimillar ta kai har dala 45,000, daga baya 40,000. A Mayun 2022 kuma aka ɗaga iyakar ƙarfin motar lantarki mai shiga rukunin A zuwa kilowat 110. Rage ƙarfin injin fetur aiki ne, amma rage na motar lantarki sau da yawa gyaran manhaja ne kawai. Sai ga Tesla ta fito da Model 3 mai kilowat 110 daidai, BYD da sauran kamfanonin Sin suka kawo manyan motoci da aka daidaita ƙarfinsu don su shige ƙarƙashin layin. Labarin 2014 ya dawo. Motar da aka ƙera da araha a Sin, aka yafe mata mafi yawan harajinta, tana ba dillalinta sararin tayi da mai sayar da ƙaramar motar fetur ba shi da shi. A 2025 BYD ta sha gaban Toyota a yawan ciniki a ƙasar. Da aka sanar a watan Satumba cewa za a rage rangwamen daga Janairun 2026, sai kowa ya yi rububin yin rajista kafin shekara ta ƙare, rukunin A ya haura 120,000 a watan Oktoba. Darasin tattalin arziki ne mai sauƙi amma mai ɗaci: in adadin kaya a ƙayyade yake, tallafin da aka ba mai saye wani kasonsa yakan koma cikin farashin takardar. Gwamnati ta bayar da hannun dama, ta karɓi wani abu da na hagu.

Wanda yake shakkar cewa halin dillalai yana motsa farashi, ya dubi babura. Izinin babur ya haura dala 13,000 a Nuwamban 2022, ya fi kuɗin ƙananan baburan da masu kai abinci gida-gida suke neman abinci da su. Kafin alƙalamin rukunin dala 200 ne kawai a da, don haka riƙe takardu a jira farashi ya hau ba shi da wani haɗari. Hukuma ta ɗaga shi zuwa 800, sannan 1,500 a 2023, ta kuma rage wa'adin amfani da takardar zuwa wata ɗaya. Ba a ƙara wani harajin ba, an dai sa ajiyar takarda ta zama mai tsada.

Kamfanonin hayar mota ma ana yawan nuna su da yatsa. Tun 2012 aka cire tasi daga gwanjon, amma motocin da ake kira ta manhaja, irin na Grab, suna takara ne a rukuni ɗaya da magidanci. A 2016 kamfanin hayar da Uber ta kafa ya yi ta kwasar takardu. Mai sayen mota don ta riƙa kawo kuɗi kullum lissafinsa daban da na mai sayenta don zuwa aiki. Gwamnati ta tsaya a kan cewa ba su ne babban dalilin tsadar ba, ta kuma ƙi ware musu rukuni, tana cewa duk abin da aka ware musu daga A da B za a yanko shi. Duk da haka a Fabrairun 2025 ta ɗaure motocin haya na kamfanoni da sharaɗin su yi shekara uku a wannan aikin kafin a mayar da su na hawa.

Shawarar da ta fi farin jini ita ce a hana dillalai tayi, kowa ya yi da kansa. Ina ganin amfaninta ba inda ake zato yake ba. Ba za ta ƙara takarda ko ɗaya ba, kuma dillali yana iya zama kusa da mai saye ya faɗa masa abin da zai rubuta. Abin da za ta yi shi ne ta fasa ƙunshin: mota da kuɗinta, izini da kuɗinsa, kamar yadda Tesla ta fara sayarwa a 2021 tana nuna farashi ba tare da izini ba. Mutumin da ya ga dala 100,000 a kan layinta daban yakan yi tunani sau biyu fiye da wanda aka faɗa wa abin da zai riƙa biya a wata. Shawarar a sa kowa ya biya abin da ya taya kuwa ba ta gamsar da ni ba. Mutane za su koma cankar inda farashi zai tsaya, kuma mai cankar da ya fi kowa ƙwarewa shi ne wanda ya san yawan odar da ke cikin littafinsa, wato dillali. Raba rukunan bisa asalin kuɗin mota maimakon ƙarfin inji ya fi kusa da ciwon rukunin A, ko da yake shi ma asalin kuɗin ana iya wasa da shi ta hanyar cire wasu kayan motar kafin shigowa a mayar da su bayan rajista.

Motocin da aka yi wa rajista da yawa a 2016 da 2017, kusan 90,000 a kowace shekara, wa'adinsu yana cika a 2026 da 2027. Bisa lissafi, takardu za su ƙaru. Sai dai an riga an aro wani kaso daga cikinsu, kuma mai tsohuwar mota yana da zaɓin ya sabunta izininsa na shekara biyar ko goma a kan matsakaicin farashin wata uku na baya, ba tare da ya shiga gwanjo ba. Duk wanda ya sabunta ya riƙe gurbin da ake jira. Duk wanda ya soke kuma, yawancinsu washegari suna titin Leng Kee suna neman sabuwa.